A Bar Mawaƙi Ya Rubuta Da Bakin Garinsu

Zuwa ga Edita,

Ina neman ɗan fili in yi roƙo game da shafinku na waƙoƙi. Na daɗe ina lura cewa duk waƙar da ta fito a shafin, ko daga Sakkwato aka aiko ta, ko daga Tawa, ko daga zangon Kumasi, da Hausar Kano take fitowa. Ko dai ana gyara su kafin bugawa, ko kuwa marubutan ne suka tsorata suke gyara kansu. Ko wanne ne, an tauye wa waƙar haƙƙinta.

Ba na jayayya da daidaitacciyar Hausa. Da ita za a rubuta labarai, da ita za a koyar a makaranta. Amma waƙa ma'auni gare ta, kuma ma'aunin a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Inda Bakano zai ce "wanda ya zo", Basakkwace "wanda yaz zo" zai ce. Gaɓar "ya" ba ta da nauyi, "yaz" kuwa tana da shi. Mai gyara ya ɗauke harafi ɗaya yana ganin ya kyauta, alhali ya karya ƙafar baitin, sai a zo rerawa a ji yana ɗingishi. Wa zai yarda a mayar da waƙoƙin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo bakin Kanawa? To me ya sa muka yarda a yi wa mai alƙalami abin da ba za mu yi wa mai kotso ba?

Ranka ya daɗe, a Adjamé nake zaune, cikin birnin Abijan, kuma abin da ya faru a nan ne ya ba ni ƙarfin rubuto maka. A tashoshin mota da kasuwannin wannan unguwa da na Treichville samari suka gauraya Faransanci da Julanci da Bawule da Bete har suka fitar da yaren da ake kira Nushi. Da farko bakin 'yan iska da yaran mota aka ɗauke shi. A 1986 jaridar Fraternité Matin ta yi rubutu a kansa. A farkon shekarun 1990 ɗaliban jami'a mazauna Yopougon, irin su Didier Bilé, suka fito da kiɗan zuglu, suna kukan yunwa da cunkoson ɗakin kwana da irin Faransancin titi. A 1999 ƙungiyar Magic System ta saki waƙar Premier Gaou, ta zagaye Afirka ta shiga Faransa. Yau har ƙamusoshin Paris sun karɓi wasu kalmomin Nushi. Tun kafin haka ma, Ahmadou Kourouma ya rubuta littafinsa na farko da Faransanci mai tafiyar Malinke, masu ɗab'i na Faransa suka ƙi shi, sai a Kanada aka fara buga shi a 1968. Yanzu ana karanta shi a makarantun ƙasashen Afirka da dama.

Turancin Ingilishi ma haka ne. Robert Burns manomi ne, kuma littafin waƙoƙinsa na 1786 yawancinsa da bakin mutanen Sikotilan ya rubuta shi. Har gobe, duk ranar 25 ga Janairu ana taruwa don tunawa da shi. Louise Bennett ta Jamaika ta yi shekaru ana kallon waƙoƙinta a matsayin abin ban dariya saboda da Turancin kasuwa take yin su, daga baya ta zama uwar mawaƙan ƙasar. A Nijeriya ma Janar Mamman Vatsa ya rubuta waƙoƙi da Turancin buroka.

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu na nan. Iyayensu daga Tawa da Maraɗi da Dogon Dutse da Katsina suka zo, wasu na sayar da garba, wato acaken rogo da soyayyen kifi, wasu na gwanjo, wasu na harkar dabbobi. Yaran suna jin Hausa, Hausar Adar ko ta Gobir wadda Julanci da Faransanci suka ratsa. Akwai masu baiwar tsara magana a cikinsu, amma idan za su yi waƙa Nushi suke kamawa, domin a can ba mai ce musu sun yi kure. Idan suka yi Hausa kuwa, mu manya ne kan fara yi musu dariya. Da bakinmu muke korar su daga harshen iyayensu.

Don haka ina roƙon ka, Malam Edita, ka buga waƙa yadda mai ita ya aiko ta. A rubuta garinsu a ƙarƙashin sunansa, idan akwai kalma mai wuya a yi ɗan bayani a ƙasa, a daidaita ƙa'idar rubutu kawai a bar lafazin. Ku kuma sanar a fili cewa kuna karɓar waƙoƙi da Sakkwatanci da Katsinanci da Damagaranci da Hausar zango, don mu sami abin nuna wa yaranmu na Adjamé da Treichville.



Naka,
Mai karanta jaridarku,
Adjamé, Abijan, Kodebuwa.