Ra'ayinmu: Ciwon ido ba a kan tire ake sayen maganinsa ba

Duk shekara idan kaka ta yi, hunturu ya biyo baya, tambaya guda ce ke yawan zo mana daga masu sauraro: wani abu ya faɗa mini a ido, yanzu ga fari ko nama ya fito a kan baƙin idon, mi zan sa? Mai sussukar hatsi ƙaiƙayi ya shige ta, mai tuyar ƙosai mai ya fantsamo mata, maƙeri tartsatsin ƙarfe ya same shi.

A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, kaurinta wajen rabin milimita ne kawai. Ƙaramin ƙarzuwa kan warke cikin kwana 1 zuwa 3. Amma idan raunin ya yi zurfi ko ƙwayoyin cuta suka shiga, sai ya zama gyambo, gyambon ya bar farin tabo da muke ce wa hakiya. Wani lokaci wurin ya kumburo ya tsiro. Shi kuwa naman nan da ke tahowa daga gefen hanci yana hawa baƙin ido, rana da ƙura da iska ne ke jawo shi, abokan zaman duk mai rumfa.

Abin da ke damun mu shi ne abin da ake yi a ranar farko. Wannan ta ɗiga nonon mai jego, waccan ta sa tozali, wancan ya sayi maganin ɗigawa wajen mai tire. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin kortizon: jan ido ya kwanta, mutum ya ɗauka ya warke, alhali gyambo na ƙara ci, musamman idan kara ko ƙaiƙayi ne ya yi raunin. Araha ba ta ado.

Ƴan uwa, abin yi ba shi da wuya. Kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta; idan soda ta haɗa sabulu ko siminti ne, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15. Abin da ya kafe a ido kada a ciro shi da hannu. A je CSI a ranar, idan an tura mutum wajen likitan ido a Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Yamai, kada ya jira ranar kasuwa ta wuce. Naman da ya tsiro ana cire shi da tiyata, ko da yake yakan dawo. Hakiyar da ta zauna kuwa ɗigon magani ba ya goge ta.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata su ɗauki wannan magana. Cinikin wuni guda ana mayar da shi gobe. Idon da ake ƙirga canji da shi fa?