Jam'iyyar Ba'as: Yadda Soja Suka Haɗiye Ta

A watan Janairun 2025 sababbin mahukuntan Siriya suka rusa jam'iyyar Ba'as, makonni kaɗan bayan Bashar Assad ya gudu Rasha. Reshenta na Iraƙi kuwa tun 2003 Amurkawa suka haramta shi. Duk mai son gane wannan al'amari sai ya koma ga hanyar da jam'iyyar ta bi ta kai ga mulki.

Malaman makaranta biyu ne, Mishel Aflaƙ, Kirista, da Salahuddin Biɗar, Musulmi, suka kafa ta a Dimashƙa cikin 1947. Ma'anar sunan ita ce farfaɗowa. Manufarta uku: haɗa Larabawa su zama ƙasa guda, 'yanci daga Turawan mulkin mallaka, da gurguzu irin na Larabawa, watau raba gonaki ga talakawa da mayar da manyan masana'antu hannun gwamnati. Saboda tsananin son haɗin kan nan ta yarda ta rushe kanta a Siriya cikin 1958, domin sharaɗin da Jamal Abdul Nasir ya gindaya ke nan kafin a haɗe da Masar. Auren bai wuce 1961 ba.

Daga nan sai ta jingina da bariki. Da juyin mulki ta hau gado a Iraƙi da Siriya cikin 1963, ba da ƙuri'a ba. Wanda ya ɗauko kura ta yi masa gadi kuwa, ai ya san sauran. A 1966 hafsoshi a ƙarƙashin Salah Jadid suka kori Aflaƙ da Biɗar, jam'iyyar ta dare gida biyu, kowane ɓangare yana cewa shi ne na asali. Hafiz Assad ya kama Dimashƙa a 1970, Saddam Husaini ya gaje Bagadaza a 1979, ya kuma fara da kashe manyan 'yan jam'iyyarsa bisa zargin haɗa baki da Siriya.

Abin takaicin shi ne, ƙasashe biyu maƙwabta, masu aƙida guda, sun zama ba sa ga maciji. Siriya ta goyi bayan Iran a yaƙin 1980 zuwa 1988, sa'an nan ta tura sojanta cikin rundunar da ta fitar da Iraƙi daga Kuwait a 1991. Biɗar an harbe shi a Faris cikin 1980. Aflaƙ, wanda Siriya ta yanke wa hukuncin kisa a bayan idonsa, ya rasu a 1989, aka binne shi a Bagadaza.