TUNA BAYA: Gidan Kanar Pam Na Jos

Tarihin gidan Pam na Jos ya faro ne daga Laftanar-Kanar James Yakubu Pam, ɗan ƙabilar Birom, wanda aka haifa a garin cikin 1933. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, sa'an nan ya sami horon hafsa a Sandhurst ta ƙasar Ingila. A 1964 shi ya jagoranci bataliyar Nijeriya da aka aika Tanganyika bayan da sojojin ƙasar suka yi bore.

Ran 15 ga Janairu, 1966, masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko suka kashe shi, cikin fitinar da ta ci Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya bar matarsa Elizabeth, haifaffiyar Kano, da 'ya'ya shida, dukkansu ƙanana.

Ita ta riƙe gidan, ta ga marayun sun yi ilmi. Cikinsu Dokta Ishaya Pam ya shugabanci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Mai Shari'a Jummai Sankey kuwa ta shiga Kotun Ƙoli a 2024.

A 1999 Shugaba Obasanjo ya sa Elizabeth cikin Kwamitin Oputa mai binciken zaluncin da aka yi wa jama'a, binciken da aka faɗaɗa har ya koma ranar da aka kashe mijinta. Ta zauna tana sauraron kukan waɗansu, alhali nata rashin yana cikin abin da ake bincika. Ta rasu a 2011.