Sodar sabulu ba ta wankin ƙafar mota ba ce

Wata za ta ce mi ya haɗa mu da ƙafar mota, mu da ko keke ba mu da shi? Kuɗin asusunmu ne sunka haɗa mu.

Bara munka ba wata ƴar ƙungiyarmu rancen jikka 60, ta saya ma ɗanta duro, bokitai da tiyo, ya buɗe wurin wankin mota kusa da tasha. Abu na tafiya lafiya, biya bai taɓa makara ba. Sai ran nan wani ya kawo mota, jantinta, wato ƙarfen nan da taya ke zaune a kai, sun yi baƙi ƙirin. Yaro ya sa omo ya goga, ya goga, baƙi ya ƙi fita. Ya ruga gida ya ɗebo sodar da uwarsa ke haɗa sabulu da ita, ya jiƙa, ya shafa. Baƙi kam ya fita. Amma duk janti huɗun sunka yi dabbare-dabbare kamar tabon ƙuna, ƙyalli ya tafi ke nan. Mai mota ya ce sai an biya shi, uwar ta zo taro tana hawaye.

Abin da ya fi ba mu haushi, mu mun san wannan tuntuni. Wace ce cikinmu ke dama soda a tukunyar alminiyam? Kowa ta san cinye ta take yi, shi ya sa muke aiki da robar roba. To, jantin nan masu ƙyalli alminiyam ne, da ɗan siririn fenti mai sheƙi a bisa. Ba mu dai taɓa faɗa ma yaran ba.

Munka je wurin wani tsohon makaniki, ya zaunar da mu ya yi muna bayani. Baƙin nan ba dauɗar hanya kaɗai ba ce, ƙurar birki ce. Duk lokacin da direba ya taka birki, birkin na gugar ƙarfe, ɗan garinsa na tashi da zafi ya manne ma janti. In ya daɗe ya sha ruwa, sai ya yi tsatsa ya kama ram. Ƙafafun gaba sun fi yi, don su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki.

Na farko, kada a wanke janti da zafinsa. Mota ta huce a inuwa tukun, in ba haka ba sabulu ya bushe a kai ya bar nasa tabon. A fara kwara ruwa zalla, yashi da jar ƙasa su sauka, don in anka goga da yashi a jiki, an yi ma fenti zane. Sa'annan ruwan sabulu da soso mai laushi, lunguna kuma tsohon buroshin haƙori ya isa. Wanda ya ƙi fita, a matsa lemun tsami cikin ruwa, a shafa, a ba shi ƴan mintoci, a goga a ɗauraye kafin ya bushe. Ko sau biyu, ko sau uku. Wannan ruwan tsamin shi ne kuma maganin farin tabon da ruwan rijiya ke bari.

Ɗigon kwalta shi ba ya jin sabulu. Kananzir kaɗan a tsumma, a dafa a kai har ya yi laushi, a share, a bi da sabulu. A kula kada kananzir ya taɓa birki, ran mutane ne a nan.

Soson ƙarfe, toka da yashi, a bar su can wurin gindin tukunya. Ruwan batir kuwa, da muke jin wasu yara na sawa, yana cin fenti, yana cin hannu, in ya fantsama a ido sai asibiti. Kuma kada a kuskura a haɗa jabel da lemun tsami ko wani abu mai tsami, iskar da ke tashi guba ce. Duk abin da yaro bai taɓa sawa ba, ya gwada a ɗan lungu ta ciki tukun. In tabo ya riga ya ci fenti, ya nuna ma mai mota tun kafin ya taɓa, kada laifin wani ya hau kansa.

Maganar biya ta ɗauke mu zama biyu. Wasu sunka ce kuɗin taimako na rashin lafiya da rasuwa ne, ba na ɓarna ba, kuma gaskiyarsu. A ƙarshe mai mota ya yarda a sake ma jantin fenti maimakon sayen sabbi. Munka ƙara ma ƴar uwarmu wata biyu a kan lokacin biyan rancenta, yaro na cirewa daga cinikinsa duk sati. Sodar kuma yanzu tana cikin akwati, mabuɗi na wurin uwar.