Kyautar Baki Ba Ta Ture Gado

'Yan uwa, mu dubi zaluncin da ake tafkawa a Kambarawa da sauran unguwannin Katsina. Uba na rasuwa sai wani ɗa ya miƙe ya ce tun da rai aka ba shi gidan kyauta, mata su tashi a tutar babu.

Ba haka shari'a ta ce ba! A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, mai bayarwa yana raye, kafin ciwon ajali. Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha dabino wasaƙi 20, ba ta girbe ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya mayar da shi cikin gado.

In 'yar Siddiƙu ba ta ci ba, kai wane ne? Matasa, ku tsaya wa ƙannenku mata, ko da a gaban alƙali ne.