Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi, Har A Cikin Aji

A shekarar 1966 Gwamnatin Tarayya ta buɗe kwalejojinta uku na farko a Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙin basasa kuma aka yawaita su, domin ɗan Bakatsine da ɗan Ibo su ci tuwo a kwano ɗaya. Manufar ta yi kyau. Sai dai tara yara a ɗakin kwana ɗaya bai isa ya haɗa zukatansu ba, sai an dubi yadda makaranta ke karɓar abin da kowannensu ya zo da shi daga gida.

Mai karatu ya leƙa kowane aji a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano, zai tarar da Bahaushe da Bafulatani da Banufe da Bagwari a benci ɗaya. Yaron da aka yi wa dariya yau, aka ce yana gwaranci, gobe ba zai sake ɗaga hannu ba. Wanda ba ya tambaya ba ya fahimta, ranar jarrabawa kuwa sai a kira shi daƙiƙi, alhali kunya ce ta ɗaure masa baki. Yarinyar da aka ci tararta don ta yi magana da harshen uwarta, darasin da ta ɗauka shi ne abin da ta sha a nono laifi ne.

Wasu shugabannin makarantu kan ce su ba sa ganin ƙabila. Maganar na da daɗin ji, amma a aikace al'adar masu rinjaye ce ke zama ma'auni, sauran su haɗiye tasu.

A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza wa takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Ashe mutunta harshen yaro ba ya rage masa ilimi.

Mu ma muna da namu gadon. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, dabara ce ta zaman tare, har UNESCO ta sanya na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma barkwanci na da sharaɗi: kowa na da damar ramawa. Malamin da ke riƙe da jan biro ba taubashin ɗalibinsa ba ne, zolayarsa a gaban aji tabo take bari.

Don haka kwalejojin horar da malamai su koyar da tafiyar da aji mai harsuna da yawa. A soke tarar harshen gida. Malami ya koyi kiran sunan kowane ɗalibi daidai, ya ba shi damar kawo karin maganar garinsu cikin darasi. Iyaye kuma, ranar karɓar sakamako, kafin ku tambayi na nawa yaro ya zo, ku tambaye shi ko yana iya buɗe baki a ajinsu.