Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Gandun Dajin Gadabeji



Daga Korahane muke gaishe ku. A Nuwamba 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure zuwa Gadabeji, gandun da aka kafa a 1955, kuma mun yi murna.

Shi kuwa zakin Nijar, yau ya koma gandun W. In za ku dawo mana da rabbi ko zaki, ku fara yawaita barewa, don mayunwacin naman daji garke yake nufa. Ku zauna da makiyayin da ke ƙirga awakinsa bakin rijiya da magariba, ku yi masa alkawarin diyya. Da shi za a tsare dajin.

Naku,
Wani ɗan Korahane